Yadda Na Tankaɗe Gonar Kawu Buba

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya shigo rumfata a bakin kasuwar shanu, kafin ya ce a zuba masa shinkafa da wake sai ya ce, "Adda Dija, ina rabonmu a zinariyar?" Matan layinmu kuwa har gida suke bina. Na ba da labarin nan har miya ta kama mini a wuta, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri ya kai gaba, har na ji wai aljani ya mare ni a cikin rami. To, ga shi na zauna na rubuta. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta da kansa, ni in ci gaba da tuƙin tuwona.

Ba yawo ne ya fitar da ni daga Mubi ba, Dada ce ta aike ni, wato mahaifiyata. Ƙane ɗaya ya rage mata a duniya, Kawu Buba, manomi ne a wani ƙauye can gindin duwatsu, dab da iyakar Kamaru. Gona ɗaya gare shi, ta gado. Wani tsohon kwari ya zagaye gonar, irin gwalalon da mutanen da ke haƙawa su kewaye gari. Bayan an girbe dawa sai masu binciken kayan tarihi suka zo daga jami'a, suka roƙe shi ya bar su su tona, da alkawarin za su mayar da ƙasa kafin ruwan fari. Ya yarda. Suna cikin tono sai ga tukwane sun fito a jere, kowace an kifa mata wata a kai, baki da baki. Kafin la'asar magana ta gama gari, wai jarirai ne aka binne a ciki. Jauro, mai garin ke nan, ya hana a taɓa tukwanen sai dattawa sun taru an buɗe a gabansu. Idan maƙabarta ce za a kewaye wurin da ƙaya, fartanya ba za ta sake taɓa shi ba. Kawu kuwa ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa a wani wuri.

Saƙon da ya iso mana shi ne Kawu ya daina cin abinci. Dada ciwon ƙafa ya hana ta fita ko ƙofar gida, sai ta kira ni.

"Ki je ki dafa masa abin da zai shiga cikinsa," in ji ta. "Ki kuma dubo mini ko tsamiyar nan ta tsakiyar gona tana nan."

Na ce, "Dada, ana maganar gona za ta salwanta, ke kina ta tsamiya?"

Ta ce in dai dubo.

Ba zan ɓoye muku ba, tausayin Kawu yana raina, amma ɗoki ya fi shi yawa. Ni mace ce mai son ganin ƙwal. Irin tonon nan a talabijin kawai na taɓa gani, Turawa da huluna suna share ƙasa, ban taɓa zaton za a yi shi a gonar da na ci rake ina yarinya ba. Na bar wa ƙanwata rumfa, na haɗa gyaɗa da tsamiya da daddawa da yajina, na ɗaure a buhu, da sassafe keke napep ya sauke ni a tasha.

Motar ƙauyen ƙaramar nan ce da kuka sani, wadda aka ɗaga mata gindi ana loda mata kaya har ta fi kanta tsawo. Direban sunansa Zira, mutumin Michika ne, siriri, bakinsa ba ya hutawa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Adda, ke mutum biyu ne." Na ce masa shi kuma rabin mutum ne, in an haɗa mu lissafi ya tashi daidai. Tasha ta ɗauki dariya, ya sa ni a gaba. Ashe gaban ma mu uku ne ban da shi, har da wani dattijo da ya raba kujera da direba, ƙafarsa ɗaya na can wajen birki. A baya akwai buhunan taki da akuya mai ciki, wadda tun daga Bahuli ta sa wa gefen mayafina ido.

Muna hanya Zira ya gaya mini gadar ƙauyen su Kawu ruwa ya cinye ta da damina. Mota ba ta iya shiga ta wajenmu, sai an tsallaka Kamaru an zagayo ta bayan dutse. Na ce ban taho da shirin fita ƙasar waje ba. Ya ce katin ɗan ƙasa ya isa, kuma "motan nan bai taɓa kwana a hanya ba." Bai rufe baki ba muka kafe a yashin mayo, wani busasshen rafi mai faɗi. Kowa ya sauka ana turi. Na tattare zani na sa kafaɗa, motar ta zabura ta bar ni a durƙushe, silifas ɗina ɗaya ya nutse a yashi. Muka tona muka tona ba mu gan shi ba. Zira ya ce in bar shi, masu binciken tarihi za su tono shi nan gaba su sa a gilashi. Haka na shiga ƙasar mutane da takalmi wari ɗaya.

A iyaka igiya ce kawai aka gitta, da wata rumfa. Jandarman da ke wurin, wato ɗan sandansu, ba ya jin Hausa sosai, ni kuma Faransanci ko na sayen gishiri ban iya ba, sai muka haɗu a Fulatanci. Ya karɓi katina ya ce daga ina. Na ce Najeriya. Zuwa ina? Na ce Najeriya. Ko gezau bai yi ba, ya saba. Da ya ji sunan ƙauyen sai ya matso. "Wurin da ake tonon nan? Gaskiya ne sun sami tulu cike da zinariya?" Na ce in na samu zan biyo ta nan in nuna masa. Ya dubi ƙafata ya ce in fara sayen takalmi tukuna.

A ɗan garin da ke bayan iyakar na sayi silifas, muka karya. Burodinsu dogo ne kamar muciya, ga tauri, kuma ba sa sa shi a leda. Mutum zai saƙale shi a hammata ya hau babur, ya kai gida a ci. Ni da nake faɗa da yarana in sun taɓa burodi ba su wanke hannu ba, sai na kawar da kai. Amma da mai shayi ta tsaga shi ta cusa wake da mai da barkono, wallahi na ci na nemi ƙari. Abin da ya fi burge ni mata a kan babur, su ke tuƙawa, da goyo a baya da buhu a gaba. Na ce wa Zira da a can aka haife ni da tuni na sayi nawa. Ya ce Allah ya san abin da ya sa bai yi hakan ba.

Rana ta karkata muka sake gitta wata igiyar muka dawo ƙasarmu. Na sami Kawu a zaure, a kan buzu. Mutumin da na sani da ƙirji kamar ƙofa, riga ta yi masa yawa. Ya ce, "Dija, ke aka taso? Ai da ba ku wahalar da kanku ba." Na dama masa kunun gyaɗa irin na Dada, mai kauri, ya kurɓa don kada in ji kunya, ya ture kwanon. Matarsa ta shimfiɗa mini a ɗakinta, gadon kara da tabarma, kaji na kwana a ƙarƙashi. Tuwon jar dawa da miyar tafasa muka ci. Na yi barci kamar an yi mini duka.

Da safe Kawu ya ce ba zai je gonar ba, ba ya son ganinta. Na tafi ni kaɗai.

Da ido ba za ka ce komai ba ne. Ɗan kwari ne marar zurfi da ya bi gefen gona, inda muka sani dawa ta fi tsawo saboda yana riƙe laima. Amma shugabar masu tonon, Dakta Kwanye, ta kira ni ta nuna mini hoton da suka ɗauka daga sama da ɗan jirgin nan marar matuƙi. Sai ga shi zagaye cif kamar faifai, da ƙofa guda tana kallon rafi, tsamiyar Dada a tsakiya. Shekara da shekaru muna tsallake abin nan da ƙafa, ba mu san ganuwar gari muke tsallakewa ba.

Dakta Kwanye ba ta kai ni shekaru ba. Gajera ce, da wando da malafa, Kirista daga duwatsun Michika, Hausarta tas. Da ta ji ni 'yar 'yar'uwar mai gona ce ta riƙe hannuna biyu. "Adda, ni na jawo wa Baba wannan damuwa. Ko barci ba na iya yi." Daga nan ta zagaya da ni. Sun yanka gwalalon a gicciye, na leƙa, sai na ja da baya. Namiji zai tsaya a ciki ya ɗaga hannu bai taɓo baki ba. Da me suka haƙa wannan, ba diga ba shebur irin namu? A jikin ramin ƙasa ta yi layi-layi, ja, baƙa, fara. Ta ce farar toka ce, matan garin suka riƙa zubarwa a nan bayan an daina tsoron hari. Na ce ashe har da can akwai masu zubar da shara a kwata.

Yadda suke aiki kuwa sai ka yi haƙuri. An ja igiyoyi an yanka ƙasa gida-gida kamar fangalin albasa. Ɗalibai, manya da su, sun durƙusa suna kankare ƙasa da cokalin magina, wani ma da buroshin goge haƙori. In abu ya fito ba a ɗauka. Sai an auna, an zana, an ɗauki hoto, sannan a sa a leda a rubuta masa suna kamar jariri a asibiti. Na ce wa wata ɗaliba in aka ba ni maza huɗu daga kasuwar shanu kafin azahar mun gama musu ramin nan. Ta ce shi ya sa ba a ba ni ba.

Zinariya dai babu, ku huta. Akwai tsingaro tuli, da ƙasusuwan shanu da na kifi, da kashin maƙera, alamar sun yi ƙira. Sai wani dutsen niƙa da tsakiyarsa ta lotsa don aiki. Dakta ta ce in taɓa. Na durƙusa na ɗora hannu yadda ake niƙa, sai hannuna ya zauna daidai, kamar jiya matar ta tashi a kai. Ban san sanda na ce, "Sannu da aiki, baiwar Allah" ba. Ɗaliban suka yi ta dariya, ni kuwa hawaye ne suka cika mini ido don daɗi.

Tukwanen da ake rigima a kansu suna can gefe, an rufe da tamfol, an aza duwatsu. Ba wanda ke zuwa kusa.

Yanzu ga abin da ya sa wasu ke cewa an kore ni. Ba a kore ni ba. Kashegari na ga ɗalibai suna wanke tsingaro a baho, na ce bari in taya su, ban saba zama hannu rabbana ba. Can a inuwa na hango gindin wata tukunya an ajiye shi daban a kan takarda mai ƙyalli, cikinsa baƙi ƙirin da ƙanzo. Na ce a raina yaran zamani, sun ga mai wuya sun ture. A gidanmu macen da ta bar ƙanzo ya kwana a tukunya sai an yi da ita a bakin rijiya. Na samo toka da yashi, na zauna na dirje shi har ya yi ja wur, na kai wa Dakta ina jiran yabo.

Ta duba. Ta sake dubawa. Sai ta zauna daɓas a ƙasa.

"Adda," ta ce a hankali, "abincin ƙarshe da matar nan ta dafa kika wanke."

Ashe ƙanzon suke so. Shi ake kaiwa ɗakin gwaji a gane shekarun wurin, a kuma gane ko dawa suka ci ko gero. Ƙanzon da ya jira su tun zamanin da ba wanda ya sani, ni na gama da shi kafin shayi ya huce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Allah ya rufa mini asiri akwai ɗaya ɓarin tukunyar a cikin leda, idona bai kai kansa ba. Da Dakta ta dawo hayyacinta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tunda hannuna ba ya zama, za ta kai ni inda babu abin wankewa. Ta ba ni rariya.

Rariyar babba ce, ta waya, an rataye ta a ƙafafu uku. Duk ƙasar da aka kankaro sai an zuba an tankaɗe, don kada ƙaramin abu ya wuce. To nan fa aka zo gidana. Ni da nake tankaɗen garin tuwon mutum ɗari kullum? Ɗaliban girgiza suke yi da ƙarfi kamar masu faɗa da ita. Na nuna musu yadda ake juya ta da wuyan hannu, tsakuwa ta taru gefe guda, mai sauƙi ya hau sama. Ƙayar kifi ma ba ta wuce ni. Kafin ranar buɗe tukwane Dakta ta ce ni zan riƙe rariya a gaban dattawa, jauro ma ya yarda, ya ce gara 'yar gida, kada a ce baƙi sun yi rufa-rufa.

Ana gobe za a buɗe, na lallashi Kawu ya zo gonar da hantsi. Muka zauna a gindin tsamiya. Ɗalibai sun gaya mini sharaɗi ɗaya ya kafa musu tun farko, kada a tona kusa da ita. Na tsokane shi na ce ko aljanun tsamiyar ne abokan nomansa. Bai yi dariya ba. Na duba hagu da dama, na rage murya.

"Kawu, gobe rariyar a hannuna take."

Ya gane. Nufina in ƙashi ya fito, in ɓoye shi.

"Dija, in 'ya'yan mutane ne kwance a wurin, na yi shekaru ina bi ta kansu da garma ban sani ba. Yanzu so kike in bi ina sane?" Ya share fuska da hannun riga. "Abin da kika gani ki ɗaga shi sama, kowa ya gani."

Na ce to. Amma raina bai so ba, kuma ban san abin da hannuna zai yi ba in lokacin ya zo.

Ranar kuwa gari ya fashe. Jauro a kan kujera, liman a damansa, fasto a hagunsa, tsofaffin kan dutse masu addinin gargajiya da sandunansu, mata sun yi gefe guda, har daga tsallaken iyaka an zo. Ban taɓa ganin mutanen ƙauyen nan bakinsu ya zo ɗaya kamar a kan maganar nan ba: ba a noma a kan mamaci, ko na wane addini ne.

Dakta ta cire malafa ta gaida dattawa. Ta ce ba za ta yi musu ƙarya ba, abu biyu ne. A wasu tsofaffin garuruwa ana binne jarirai a tukunya. A wasu kuma mabiyiya ake sawa, bayan an haihu, a kife da wata tukunyar a binne a bayan ɗakin uwa. Ta ce kakarta ma haka ta yi wa mahaifinta. Liman ya ce, "To in jariri ne, ƙashinsa bai narke ba tuntuni? Ta yaya za mu sani?" Ta sa aka kawo ledar ƙayar kifin da na tsamo, ta zuba masa a tafin hannu. Ta ce ƙasar da ta adana wannan ba za ta cinye ƙashin mutum ba. Liman ya jujjuya, ya nuna wa fasto, suka gyaɗa kai.

Aka ɗaga murfin ta farko. Ƙasa ce cike, baƙa, mai laushi. Dakta na ɗiba da cokalin shayi tana zubawa a kwano, ana kawo mini. Na tankaɗe. Babu komai sai tsakuwa. Ta biyu haka. Ta uku haka. Mata suka fara ƙus-ƙus, na ga Kawu ya ɗan ɗago kai. Ni kuwa har na fara jin daɗin kaina, ina juya rariya da yanga.

Ta ƙarshen ta fi sauran girma. An kai wajen rabi, na juya rariya, ƙasa ta zube, sai ga wani abu fari ya hau sama. Ɗan ƙarami, bai kai ƙwayar wake ba, ƙasa ta manne masa.

Ba wanda ya gani, jikina ya kare rariyar. Yatsana yana kansa. In na danna shi cikin tsakuwa na watsar, shi ke nan, Kawu ya yi shuka bana. Na tuna rumbunsa, na tuna rigar da ta yi masa yawa. Na ɗago ido, sai muka haɗa ido da shi. Kallona kawai yake.

Na ɗauka na ɗaga sama. Na ce, "Ga wani abu."

Wata mata ta fara salati. Kawu ya sunkuyar da kai. Dakta ta taho ta karɓa, ta ɗiga masa ruwa, ta goga da ɗan yatsa, ta kara gilashi a ido. Ta daɗe. Sannan ta ɗaga shi saitin rana, sai haske ya fito ta tsakiyarsa. Huda ce, zagayayya, aikin hannu.

"Ba ƙashi ba ne," in ji ta. "Ɓawon ƙwan jimina ne, an fere shi an huda. Adda, ci gaba."

Na ci gaba. Sai ga wani, ga wani, ga wani, fararen ƙwayoyi masu faɗi, har suka cika mini tafi. Ni na fara ganewa, don na ɗaura irinsu ina budurwa. Na ce, "Jigida ce!"

Wata tsohuwar ungozoma daga kan dutse ta dogara sanda ta matso. Ta leƙa tafina, ta leƙa tukunyar, ta yi dariya ba haƙori. "Mace ne aka haifa," in ji ta da irin Hausarsu. "Uwana yana sa wa na mace haka. Wannan ba wurin mutuwa ba, wurin haihuwa ne."

Aka kwashe tukunyar har gindi, babu ƙashi ko ɗaya. Jauro ya tambayi Dakta ko za ta rantse mabiyiya ce. Ta ce ba za ta rantse a kan abin da ba ta gani ba, sai an yi gwaji, amma gawa dai babu, wannan kowa ya gani da idonsa. Jauro ya dubi liman, ya dubi fasto, ya dubi tsofaffi. Ya ce, "Buba, in ruwa ya sauka ka yi shukarka."

Guɗar da na rangaɗa, na tabbata jandarman nan ya ji ta a rumfarsa. Na rungume Dakta da ƙasa da komai, malafarta ta faɗi a rami. Kawu bai tashi ba. Yana zaune yana share ido, mutane na ba shi hannu. Da aka watse ya yafito ni, na durƙusa ina jiran in ji wata babbar magana.

Ya ce, "Kunun nan naki, akwai saura?"

Kwano biyu ya sha, ya bi da tuwo.

Dawowa ba ta da labari, sai dai na tsaya a iyaka na gaya wa jandarma zinariyar ta zama ƙwan jimina, ya ce dama ya san ba za a gaya masa gaskiya ba. Zira kuma ya rage gudu a mayo ya ce in leƙa ko takalmina ya tsiro.

Na sami Dada a tsakar gida, ta miƙe ƙafa a rana. Na zauna na zuba mata komai, tun daga akuya har jigida. Ta yi dariyar ƙanzo har da tari. Da na kai inda Kawu ya nemi kunu ta ɗaga hannu ta yi hamdala. Sannan ta ce, "Tsamiyar fa?"

Na ce tana nan, ta yi 'ya'ya har rassan sun sunkuya, Kawu ma ya hana a tona gindinta, na tsokane shi da aljanu.

"Ba aljanu ba ne," in ji Dada. "A bukkar gona Inna ta haife mu, ni da shi, dukanmu a lokacin girbi. A gindin tsamiyar nan ta binne mabiyiyata. Ta Buba kuma ina 'yar yarinya, ni na riƙe mata ƙwaryar tana haƙa ramin."

Na tuna inda na zauna ranar, na jingina da itacen ina rage murya.

Ta gyara zaman ƙafarta ta ce, "In an yi shuka ki nemo mini direban nan naku mai surutu. Ku sa ni a gaban mota, zan je in gan ta."